Gwiwar Hannun Hagun Sifu Mak

In ana neman matar da gwiwar hannu ta hana sakat a duniya, a je unguwar Sham Shui Po a Hong Kong a tambayi Tam Sau-Lan. Ba tata gwiwar ba. Tata lafiyarta ƙalau, da ita take ture mutane a kasuwar kifi har gobe. Ta mijinta ce, ta hagu, kuma mai gwiwar ya daɗe a ƙasa.

Sau-Lan 'yar masu kiwon kifi ce daga wani ƙauye a yankin Shun Tak, can bayan iyakar Hong Kong. Da ta auri Mak Man-Tong, abin da ta sani shi ne mai ɗori ne, mutum mai sanyin magana da hannu mai laushi a kan targaɗe. Ta ji cewa yana taɓa kung fu, irin na ƙauyensu da suke kira Gajeren Hannu, amma wane namiji ne a wajen ba ya taɓawa? Ba wanda ya gaya mata cewa matar malamin dambe ba miji ɗaya take aura ba, har da duk wani ƙato da ya durƙusa ya miƙa wa mijin kofin shayi ya kira shi Sifu, wato malam kuma uba.

Ranar da za su tsallako Hong Kong, surukarta ta jawo ta ɗaki ta danƙa mata majanyi ja, mai ɗinkin kifaye biyu a tsakiya da igiyoyi huɗu, wanda ta ɗinka da hannunta.

"Ki dawo mini da shi da ɗa namiji a ciki," in ji tsohuwar. "Kada ki dawo mini da shi a ninke."

Majanyin ya shiga ƙasan akwati, a can ya zauna. Haihuwa ba ta zo ba. Sau-Lan ta sha saiwoyi, ta ƙona turare a duk wurin bautar da aka nuna mata, har ta gaji ta bari. Surukar ta mutu a ƙauye ba su sake haɗuwa ba. Wannan abu ya ci Sau-Lan a rai fiye da yadda ta taɓa faɗa wa kowa, kuma duk shekara in ta fito da kayan sanyi takan ga gefen jan ƙyallen nan ta mayar da murfin akwati da sauri.

'Ya'yan da ta samu su ne na saman bene. Can a rufin gidan da suke haya Man-Tong ya buɗe makaranta, tsakanin tankin ruwa da igiyoyin shanyarta. Tun daga nan sunanta ya ɓace, ta zama Simo, uwar makaranta. Ita ce mai dafa kunun shinkafa ga samarin da suka zo da ciki wayam, ita ce mai jiƙa maganin shafawa, ita ce mai ba maƙwabtan ƙasa haƙuri in an yi ta dirin ƙafa a kansu. Sau nawa ta tarar da rigar da ta wanke an goge gumi da ita! Damben kuwa ba ta taɓa tsayawa ta kalla ba. Wa ke da wannan lokacin?

Cikin duk ɗaliban, biyu ne suka zame mata ƙaya.

Na farko Kau, yaron mahauta, ƙato mai wuya kamar turmi, wanda ya zo tun makarantar ba ta da ko allon suna. Na biyu Lok, siriri mai tabarau, akawu a kamfanin jiragen ruwa, wanda ya zo bayan Kau da shekaru masu yawa, lokacin Sifu ya fara furfura. A motsin farko na salon, wanda kowane sabon yaro yake fara koya, ana miƙa hannun hagu gaba. Kau yana barin tazarar dunƙule ɗaya tsakanin gwiwar hannunsa da haƙarƙari. Lok yana manne gwiwar da jiki, ko takarda ba za ta wuce ba. Shi ke nan fa. Kada mai karatu ya jira wani abu da ya fi wannan, babu.

Laifin kuwa na Man-Tong ne, Sau-Lan ba ta taɓa ɓoye masa ba. Mutum ne da ba ya iya kallon idon yaro ya ce masa ka yi kuskure. Da kunnenta, tana shanya, ta ji ya ce wa Kau, "Haka ne, ka kama shi." Da wannan kunnen dai, bayan shekaru, ta ji ya ce wa Lok, "Haka ne, kai ka gane abin."

"To wanne ne hakan?" ta tambaye shi ranar a kan abinci. "Ka ce wa wancan haka ne, ka ce wa wannan haka ne. Gwiwa nawa gare ka?"

"Ke dai bar su," in ji shi, yana tsince ƙayar kifi. "In sun girma za su daina."

Suka girma. Kau ya buɗe makarantarsa a unguwar Mong Kok, Lok ya buɗe tasa a tsallaken ruwa, kowa ya rubuta a allonsa cewa nan ne na asali. Ɗaliban Kau suka riƙa kiran na Lok kaji masu jin sanyi. Na Lok suka ce na Kau sun buɗe hammata kamar masu neman a yi musu cakulkuli. Daga baya ma ɗaliban Kau suka rabe biyu a kan inda babban yatsa ke kwanciya, wani yaron Lok kuma ya tafi Kanada ya fara raba wa Turawa ɗamara kala-kala, abin da ya haɗa kan kowa na ɗan lokaci wajen zaginsa. Hoton Sifu guda ɗaya ne da aka ɗauka yana cikin wannan motsi, kuma kowace makaranta ta rataye shi a matsayin hujjarta. A hoton yana sanye da riga mai faɗin hannu kamar buhu. Sau-Lan ce ta ɗinka masa rigar, har yau tana da-na-sani.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, Kau da Lok suka tare a bakin ƙofar ɗakin asibiti, kowa yana jiran a kira shi a naɗa shi magaji. Man-Tong bai kira kowa ba. Matarsa ya riƙe wa hannu ya ce abu ɗaya yake roƙo. Kada a ƙone shi. In lokacin tone kabari ya yi, kamar yadda ake yi a garin bayan wasu shekaru, a kwashe ƙasusuwansa a mayar da shi gida, a zuba su a tulu, a ajiye kusa da na uwarsa a kan tudun da ke kallon tafkunan kifi. Ta yi masa alkawari.

Tana fitowa, ido jawur, suka taso mata.

"Simo, me ya ce?"

"Ya ce kada a ƙone shi."

Kau ya sosa ƙeya. "To, game da ɗaya maganar fa?"

Da a ce tana riƙe da wani abu mai nauyi a ranar, da an kwantar da mutum na biyu a asibitin.

Shekarun da suka biyo baya ba su kawo sauƙi ba. Liyafar tunawa da Sifu ta fara da tebur biyu a gidan abinci ɗaya, ta koma gidajen abinci biyu a rana ɗaya, dole ta ci a nan ta ci a can don kada a ce ta ɗauki ɓangare. A gaskiya ba su yar da ita ba. Kau bai taɓa barin ta sayi nama ba, Lok ne ke kai ta wajen likitan ido. Amma ba ziyarar da ke ƙarewa ba tare da an miƙe an nuna mata hannun hagu ba. "Simo, ki duba da kyau, ba haka yake yi ba?" Ta ce ba ta sani ba, suka ce tana rufa wa wancan asiri. Sai kuma sabuwar magana ta ɓullo. Mutanen Kau suka ce Sifu ya karye a gwiwa da ya manyanta, shi ya sa ya koma manne ta, don haka abin da Lok ya koya damben mai rauni ne. Mutanen Lok suka ce ba wata karaya, Sifu dai ya ɓoye wa na farko ainihin abin ne don bai yarda da bakin Kau ba. Ta gaya musu sau ɗaya ya taɓa faɗowa daga bas, kuma a kan mazaunansa ya sauka, ita ta shafa masa magani. Ba wanda ya saurare ta.

Sai wa'adin kabarin ya cika, kamar yadda yake cika ga kowa a maƙabartar gari. Ko dangi su zo su kwashe ƙashi, ko a tone a ƙone. Sau-Lan ta je wajen mai duba rana, ya ba ta rana ɗaya tak mai kyau kafin wa'adin, wadda ke biye da ita sai bayan an riga an kai shi wuta. Dangin ƙauye suka aiko cewa sun sayi tulu sun gyara wuri. Saura ɗa namiji. Ɗa ne ke ɗaukar ƙashin uba, shi ke riƙe baƙar lema don kada rana ta taɓa mamaci, shi ke kiran sunansa a kowace gada da kowane ruwa don kada kurwarsa ta ɓace a hanya. Inda babu ɗa, ɗalibi ne ɗa. Kuma kowa ya san wanda aka gani ɗauke da Sifu, shi ne magaji, an gama.

Ta tara su a gidan shayi. Dukansu yanzu furfura ta kama su, Kau har da jika.

"Ni na fara miƙa shayi," in ji Kau. "Lokacin wannan yana fitsarin kwance."

"Yaya, fara shiga ɗaki daban, sanin abin da ke cikinsa daban," in ji Lok, yana goge tabarau.

"Ka ji ko, Simo? Ka ji ɗan iskan akawu?"

"In kai ka ɗauka, ni da yarana ba za mu zo ba."

"In kai ka ɗauka, sai ka bi ta kaina."

Ta bar su suka yi ta yi har shayin ya huce. Sannan ta buga sandunan cin abinci a tebur.

"Ku saurara, ja'irai. Ni ban damu ba ko da ƙafa yake miƙa hannun. Mijina zai ƙone in kuka ɓata mini ranar nan. Kau, kai za ka ɗauka daga kabari zuwa iyakar Hong Kong, Lok ya riƙe lema ya yi kira. A iyaka ku yi musanya. Wanda bai yarda ba ya tashi yanzu, kada ya sake kira na Simo."

Aka ɗan yi gardama a kan wanne ya fi daraja, ɗauka daga kabari ko shiga ƙauye da shi, amma suka yarda. Ta koma gida kanta na sarawa. Da ta tashi neman ƙyallen da za a naɗe ƙasusuwan, ja mai kyau wanda ba a taɓa amfani da shi ba, sai ta ga ashe guda ɗaya gare ta. Ta daɗe a tsugune gaban akwatin kafin ta ciro shi.

Ranar ta zo da zafi tun da hantsi. Maƙabartar a jikin dutse take, hawa bisa hawa, ba ko inuwar bishiya. Tsoho Sek, mai sana'ar kwasar ƙashi, ya shimfiɗa tabarma a gefen ramin, ya ajiye giyar shinkafa da takardar gogewa. Sau-Lan ta kunna turare ta gaya wa mijinta kada ya firgita, gida za a kai shi. Lok ya buɗe lemar ya tsaya a kan tabarma, Kau ya tsuguna da hannu biyu a buɗe.

Sek ya fara da kai, kamar yadda ake yi. Ya goge ƙoƙon da giya, ya ajiye shi a ƙarƙashin lemar. Sau-Lan ta dube shi, sai ta gane haƙorin nan na gaba da ya ɗan karkace, wanda ke fitowa duk lokacin da zai yi mata ƙarya mai daɗi. Ba ta yi zaton za ta gane komai ba.

Aka fito da kafaɗu, aka fito da haƙarƙari. Aka jera hannun dama, ba wanda ya ko kalle shi. Sai Sek ya miƙo dogon ƙashin hannun hagu.

"Kawu Sek," in ji Kau a hankali, "ɗan juya shi mu gani."

"Ba abin da za ka gani," in ji Lok, amma ya riga ya sunkuyo.

"Ga shi nan, ga kumburi. Ɗori ne wannan."

"Ƙasa ce ta manne. Kankare ta ka gani."

"Ni mahauci ne, ka koya mini ƙashi?"

"Na alade ka sani. Kawu, kawo na ƙasan, a haɗa su a ga yadda suke zama."

Kawunan biyu suka haɗu a kan ƙashin, farin gashi da sanƙo. Lok ya ɗaga hannun hagunsa ya manne gwiwa don ya nuna, Kau ya ɗaga nasa ya buɗe. Lemar kuwa ta bi mai ita, ta karkata, ta koma tana yi wa bayan Kau inuwa.

Sau-Lan ce kaɗai ta gani. Rana tsaka ta sauka a kan fuskar Man-Tong, ta shiga ramukan idanunsa, ta haska karkataccen haƙorin. Mutumin da ya ciyar da su, ya ɗora musu karaya, ya yi musu ƙarya don kada ransu ya ɓaci, ga shi a shanye a rana kamar busasshen kifi, 'ya'yansa suna gardamar hammata.

Ba ta yi ihu ba. Ta cire rigarta ta sama ta rufe shi, ta fizge lemar daga hannun Lok, ta kafa ta da kanta.

"Simo," in ji Lok, fuskarsa ta yi fari. "Ban lura ba."

"Na sani. Ja da baya. Kai ma."

"Simo, ai yanzu za a gama maganar gaba ɗaya," in ji Kau. "Kallo ɗaya kawai."

"Kawu Sek, miƙo mini hannun mijina."

Ta karɓi ƙasusuwan, ta goge su da giya, ta naɗe su a takarda ba tare da ta tsaya duba komai ba. Har yau in an tambaye ta ko akwai ɗori, takan ce ba ta duba ba, kuma gaskiya take faɗa. Da Sek ya gama jera sauran ya ɗaure su ƙunshi guda, sai ta warware majanyin. Jansa na nan kamar jiya aka rina, sai dai layin ninki da ya yi fari. Ta sa ƙunshin a tsakiyar kifayen nan biyu, ta juya baya ta sunkuya.

"Ɗora mini."

"Uwar gida, mace ba ta ɗauka," in ji Sek. "Ba a yi."

"Rana ma ba ta taɓa mamaci, ga shi an yi. Ɗora mini, ko in ɗora da kaina ya zube."

Ya ɗora. Ta ja igiyoyi biyu ta kafaɗa, biyu ta ƙugu, ta ƙulle a ƙirji kamar yadda ta ga mata suna yi duk tsawon rayuwarta. Hannunta bai yi kuskure ba ko kaɗan, abin ya ba ta mamaki. Wani abin mamakin shi ne rashin nauyinsa.

"To mu fa?" in ji Kau.

"Kai ɗauki gasasshen aladen nan na sadakar kabari. Kai kuma, Lok, lemu da turare. Ku biyo ni a baya, kuma in na ji kalmar gwiwa daga bakin ɗayanku, a nan zan bar shi."

Haka suka sauko dutsen, tsohuwa da goyo da baƙar lema a gaba, manyan malaman Gajeren Hannu biyu a baya da kayan ci. A jirgin ƙasa ba ta zauna ba don kada ta danne shi. A gadar iyaka, cikin turmutsutsun 'yan kasuwa da jakunkuna, ta tsaya ta juya kai gefe. Shekara da shekaru ita ma Sifu take kiransa, don bakin kowa ya saba mata da shi.

"Man-Tong," ta ce, "gada ce. Biyo ni."

Daga nan kuwa ƙasar tasu duk ruwa ce. Kowace gada, kowane kwalekwalen fito, kowane katako da aka gitta a kan rafi, sai ta kira shi, har muryarta ta dushe. A wani wuri, a cikin motar haya, ta ji raɗa a bayanta, ta ga ta madubi hannun hagun wani ya fara ɗagawa. Ta yi gyaran murya, hannun ya koma kan aladen.

Rana ta yi sanyi kafin su hau tudun. Dangi suna jira da sabon tulu, an buɗe masa wuri kusa da tsohon tulun uwarsa, wanda gansakuka ta rufe. Suka ga wadda ke ɗauke da shi, suka dubi juna, suka ba ta hanya. Aka kwance mata goyon, wani dattijo ya jera ƙasusuwan a tulu daga ƙafa zuwa kai, aka rufe. Kau da Lok suka durƙusa tare, don ba ta ba su damar tambayar wa zai fara ba. Kau ya fashe da kuka irin na ƙatti, Lok ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Sau-Lan ba ta kula su ba. Bayanta ya jiƙe sharkaf, inda ƙunshin ya kwanta yanzu iska na bugawa, sanyin na shiga har ƙashi. Ta ɗauki majanyin, ya ƙi ninkuwa kamar da, ya yamutse ya yi ƙasa-ƙasa. Ta je gaban tsohon tulun ta durƙusa, ta shimfiɗa shi a kai, ta sa dutse ta danne.

"Inna, na daɗe, ki yi haƙuri," ta ce. "Ga majanyinki na dawo da shi. Ba a ninke ba."